Ɗaki a Kan Cediya: Tarihin Masaukin Treetops na Ƙasar Kenya

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan wani salon masauki ya yaɗu a duniya, inda akan gina wa baƙo ɗaki a kan itace, ya biya kuɗi masu kauri don ya kwana a tsakanin rassa. Akwai irin wannan masauki a ƙauyen Harads da ke arewacin Suwidin, wanda aka buɗe a 2010, har ma aka lulluɓe ɗaya daga cikin ɗakunansa da madubai, ta yadda mai tafiya a ƙasa da ƙyar zai bambanta shi da kurmin da ke kewaye. Akwai wasu a jihar Oregon ta Amurka da Kosta Rika da kudancin Indiya. Abin da masu tallar waɗannan wurare kan yi wa baƙo alkawari kusan iri ɗaya ne, wato iska mai daɗi da nisa daga hayaniyar birni da ganin namun daji ido da ido.

Daga cikinsu duka babu wanda ya kai Treetops na ƙasar Kenya suna, domin a nan ne wata gimbiya ta kwana, gari ya waye tana Sarauniyar Ingila. Wannan shi ne labarin da akan ba kowane baƙo. Manufar wannan maƙala ita ce mu bi tarihin masaukin tun daga kafuwarsa a 1932, mu nuna cewa abin da ake ba baƙi rabin labarin ne kawai. Ɗaya rabin yana ƙasa, a gindin itacen, wajen mutanen da ba a taɓa gayyata su hau ba.

Hawa itace kafin zamanin otal

Ɗan Adam ya daɗe yana yin makwanci a kan itace, kuma dalilinsa na farko tsoro ne ko neman abinci. Mutanen Korowai na tsibirin Niyu Gini sun shahara da gina gidajensu can sama, don guje wa ambaliya da sauro da maƙiya. Mu ma a nan mun san saƙon da maharbi kan yi a kan itace kusa da mashaya, ya lafe yana jiran nama ya zo shan ruwa.

Masu mulki da masu dukiya ne suka mai da abin ya zama nishaɗi. Marubucin Rumawa Pliny ya ba da labarin Sarki Kaligula, wanda ya yi mulki daga shekara ta 37 zuwa ta 41 Miladiyya, cewa ya yi liyafa da mutum 15 a kan wani ƙaton itace, yana kiran wurin sheƙarsa. A ƙarni na 16 attajiran gidan Medici na Italiya sun gina irin waɗannan ɗakuna a lambunansu. A Ingila akwai wani ɗan ɗaki a kan itace a gidan Pitchford, wanda Gimbiya Victoria ta ziyarta a 1832 tana 'yar shekara 13. Ciniki kuwa ya shigo a 1848, lokacin da wani Bafaranshe mai suna Joseph Gueusquin ya buɗe gidan cin abinci a kan itace a bayan garin Paris, ana jawo wa baƙi abinci a cikin kwando da igiya. Wurin ya karɓu ƙwarai, har sunansa, Robinson, ya bi garin a 1909.

Duk waɗannan wuraren wuni ne, a ci a sha a sauko. Abin da aka yi a Kenya ya haɗa tsofaffin al'adu biyu a wuri guda, wato saƙon maharbi da ɗakin hutun attajiri.

Ƙasar da itacen ya tsiro

A tsakiyar Kenya, yamma da garin Nyeri, akwai wasu duwatsu masu duhun kurmi da yawan hazo, waɗanda Kikuyu ke kira Nyandarua. A 1884 wani matafiyi ɗan Sikotilan, Joseph Thomson, ya raɗa musu suna Aberdare, don girmama shugaban ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Landan. Wannan sunan ne ya shiga taswira, na masu wuri ya koma baki kawai.

Bayan an gama shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Mombasa zuwa tafkin Victoria a 1901, gwamnatin mulkin mallaka ta shiga kiran Turawa su zo su yi noma. Dokokin ƙasa na 1902 da 1915 suka mai da filaye mallakar Sarkin Ingila, ta biyun ma ta ba da damar a ba Bature haya ta shekara 999. Da haka aka keɓe miliyoyin eka na tuddai masu ni'ima daga ƙasar Masai da Kikuyu da wasu ƙabilu, aka hana baƙar fata mallakarsu. Da yawa daga cikin waɗanda aka raba da gonakinsu suka koma 'yan ƙwadago a gonakin Turawa. Daga wajen 1920 kuma aka tilasta wa kowane namiji baligi ya rataya kipande a wuya, wato takardar shaida a cikin ɗan gwangwani, mai ɗauke da zanen yatsunsa da sunan ubangidansa. Dokar farauta ita ma ta bi wannan sahu. Bature ya yanki lasisi ya harbi giwa, an kira shi gwani, baƙar fata ya ɗana tarko a dajin kakanninsa, an kira shi ɓarawon nama.

A cikin wannan kurmi akwai wani itace da Kikuyu ke kira mugumo, ɗan'uwan cediyar da muka sani. Itace ne mai alfarma a wurinsu. A gindin waɗanda dattawa suka keɓe ne akan yi yanka ga Ngai, Ubangiji a addininsu na gargajiya, idan fari ya tsananta ko annoba ta sauka, kamar yadda Jomo Kenyatta ya bayyana a littafinsa na 1938 kan al'adun mutanensa. A kan irin wannan itace ne aka kafa ɗakin da muke magana a kai.

Manjo Walker da ɗakin matarsa

Wanda ya gina shi wani tsohon soja ne, Manjo Eric Sherbrooke Walker, mutum mai tarihin ban mamaki. Ya taɓa zama sakataren Baden-Powell, wanda ya kafa ƙungiyar Sikawut. Ya yi Yaƙin Duniya na Farko, daga baya kuma ya yi fasa-ƙwaurin giya zuwa Amurka a zamanin da aka haramta ta a can. Ya auri Bettie, 'yar wani basaraken Ingila, suka ƙaura zuwa Nyeri, suka buɗe otal mai suna Outspan a ƙarshen shekarun 1920. An ce uwargidan ce ta nemi a yi mata ɗaki a kan itace, irin wanda ta sani a wani labarin yara na Turawa. Walker ya zaɓi wani tsohon mugumo da ke fuskantar tafki, wurin da ƙasar take da gishiri, dabbobi na zuwa lasa. A 1932 aka buɗe shi da ɗakuna biyu kacal.

Tsarin ziyarar shi ne abin lura. Baƙo zai ci abincin rana a Outspan, a kai shi bakin kurmi a mota, sa'an nan ya ƙarasa da ƙafa, maharbi na gaba riƙe da bindiga. A kan hanya an kafa tsanuka a jikin itatuwa, don idan ɓauna ko karkanda ta taso, kowa ya san inda zai nufa. Daga nan sai hawa tsani mai kimanin ƙafa 30. Da yamma ta yi sai a zauna a baranda, a yi tsit, giwaye da ɓakane da gadu su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. Walker ya kafa sharaɗi mai jan hankali: wanda bai ga manyan namun daji ba, ba zai biya ko sisi ba.

Adalci ne mu yarda cewa wannan sabon abu ne a zamaninsa. Kafin nan, Baturen da ya zo yawon daji a Gabashin Afirka da bindiga yake zuwa. A tafiyar da tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya yi a 1909, shi da ɗansa sun harbe dabbobi 512. Walker ya nuna cewa ana iya samun kuɗi da giwa tana raye, kuma giwa ɗaya za a iya sayar da kallonta sau dubu. Wannan tunani ne ya ginu har aka mai da kurmin gandun namun daji na ƙasa a 1950, daga bisani kuma Kenya ta haramta farautar nishaɗi a 1977. Sai dai a waccan baranda baƙar fata ba shi da kujera. Aikinsa ɗaukar kaya da dafa abinci da zuba gishiri a bakin tafki don dabbobi su matso kusa da fitila.

Outspan ya zama matattarar sanannun mutane. A wani ɗan gida da ke harabarsa, mai suna Paxtu, Baden-Powell ya ƙare rayuwarsa a Janairun 1941, aka binne shi a Nyeri. Bayan shekaru kaɗan wani baƙon ya gaji gidan, shi ne Jim Corbett, maharbin da ya yi suna a Indiya wajen kashe damisoshi masu cin mutane, wanda ya ƙaura zuwa Kenya a 1947.

Daren 5 ga Fabrairu 1952

A ranar 31 ga Janairu 1952 Gimbiya Elizabeth da mijinta Philip suka tashi daga Landan, a madadin mahaifinta Sarki George na Shida, wanda ciwon huhu ya hana shi tafiya. Niyyarsu su ya da zango a Kenya, su wuce Silon da Ostireliya da Niyu Zilan. Suka sauka a gidan Sagana, wanda gwamnatin Kenya ta ba su kyautar aure. Ranar 5 ga Fabrairu da rana suka nufi Treetops. Da suka iso, sai suka tarar da garken giwaye a fili kusa da gindin itacen. Gimbiyar ta taka a hankali har ta kama tsani, ta hau, ta shafe yammacin tana ɗaukar hoton dabbobi da kyamararta. Corbett, wanda aka gayyata ya kasance tare da su, ya kwana a bakin tsani yana gadi.

A cikin wannan dare Sarki ya cika a cikin barcinsa a Sandringham. Bisa al'adar sarautar Ingila, gadon mulki ba ya zama babu kowa ko na ɗan lokaci, saboda haka tun tana kan itace sarauta ta faɗo mata, tana da shekara 25, ba tare da ta sani ba. Da safe suka sauko suka koma Sagana. Sakatarenta Martin Charteris ne ya fara jin labarin a Outspan daga bakin wani ɗan jarida, ya buga waya, aka tabbatar ta rediyo, sa'an nan mijinta ya ja ta cikin lambu ya faɗa mata. A ranar suka kama hanya ta Nanyuki da Entebbe, suka isa Landan ranar 7 ga wata. Corbett ya rubuta a littafin baƙi cewa yarinya ta hau itace tana gimbiya ta sauko tana sarauniya, kuma wannan 'yar magana ita ce jarin da masaukin ya ci har tsawon shekara 70.

Gobarar 1954

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a daidai lokacin da ake kallon giwaye a baranda, ana ta rantsuwar sirri a ƙauyukan da ke kewaye. Matasan Kikuyu da Embu da Meru, waɗanda ba su da gona ba su da aiki, wasunsu ma sun yi wa Ingila yaƙi a Bama sun dawo hannu wofi, sun gaji da koke-koken da ba a saurara. A farkon Oktoban 1952 aka harbe babban hakimi Waruhiu, mai goyon bayan gwamnati. Ranar 20 ga watan Gwamna Evelyn Baring ya kafa dokar ta-ɓaci, aka kama Kenyatta da wasu shugabanni. Wata takwas ke nan da saukowar Sarauniya daga itacen.

Dubban mutane suka shige kurmin Nyandarua da na dutsen Kenya. Turawa suka kira su Mau Mau, su kuwa suna kiran kansu rundunar neman ƙasa da 'yanci. Babban jagoransu a Nyandarua shi ne Dedan Kimathi, haifaffen yankin Nyeri. Gwamnati ta haramta shiga kurmin, duk wanda aka gani a ciki a harbe shi, jiragen yaƙi kuma suka riƙa zuba bama-bamai. Baƙi suka ɗauke ƙafa daga Treetops, jami'an tsaro suka mai da shi wurin tsinkayen mayaƙa. Ashe ɗakin ya koma asalinsa na saƙo, sai dai abin da ake jira a mashaya yanzu mutum ne. A watan Mayun 1954 mayaƙan suka cinna masa wuta, ɗakin da itacen suka ƙone. Wani abin lura kuma, a cikin wannan kurmi akwai wani mugumo da mayaƙan suka mai da gidan wayarsu, suna ajiye wa juna wasiƙu a kogonsa, wanda har ya ci sunan Kimathi.

Yaƙin ya yi muni a kowane ɓangare. Alƙaluman gwamnati sun nuna an kashe mayaƙa fiye da 11,000, masana tarihi da dama kuwa suna ganin adadin ya zarce haka nesa. Mayaƙan su ma sun kashe 'yan'uwansu baƙaƙe fiye da 1,800 da suke zargi da bin gwamnati, mafi muni shi ne kisan Lari na Maris 1953. Turawa farar hula da suka mutu 32 ne. An rataye mutum 1,090 bisa hukuncin kotu, an tsare dubban ɗaruruwa a sansanoni ko a ƙauyukan da aka kewaye da waya, inda aka tara mutum fiye da miliyan ɗaya. A farkon 1956 Sarauniya ta zo Nijeriya, iyayenmu suka yi mata hawan daba a Kaduna. A Oktoban wannan shekarar ne aka harbi Kimathi aka kama shi a gefen kurmin Nyandarua, aka rataye shi ranar 18 ga Fabrairu 1957 a kurkukun Kamiti, aka binne shi a kabarin da ba a sa wa alama ba.

A wannan shekara ta 1957 aka sake gina Treetops a ɗaya gefen tafkin. Sabon ginin a kan dirkoki aka ɗora shi, kusa da wani itace dabam, aka yi ta ƙara masa ɗakuna har suka haura 30. Sunan ya tsira, amma ɗakin kan cediya ya tafi ke nan.

Bayan samun 'yanci

Kenya ta sami 'yancin kai ranar 12 ga Disamba 1963, Kenyatta ya hau mulki, ya kuma kira jama'a su yafe su manta. Sabuwar ƙasa tana buƙatar kuɗin 'yan yawon buɗe ido, labarin gimbiya kuwa yana kawo su. A 1969 aka buɗe wani masaukin mai irin wannan tsari a cikin gandun, mai suna The Ark, salon kuma ya bazu zuwa wasu ƙasashen Afirka. Sarauniya da kanta ta sake ziyartar Treetops a 1983. Mayaƙan kurmi kuwa, da yawansu sun fito sun tarar an raba filaye babu su. Dokar da ta haramta ƙungiyarsu ba a ɗage ta ba sai a 2003, shekara 40 bayan 'yanci, mutum-mutumin Kimathi kuma sai a 2007 aka kafa shi a Nairobi.

A 2013, bayan wasu tsofaffi sun kai ƙara kotun Landan, gwamnatin Birtaniya ta amince an azabtar da mutane a sansanoni, ta biya diyyar fam miliyan 19.9 kan ƙarar mutum 5,228. A 2023 Sarki Charles ya ziyarci Kenya ya bayyana baƙin cikinsa kan abin da ya faru, ko da yake bai nemi gafara a hukumance ba. Tsakanin maƙwabta da kurmin ma an sami sauyi. Daga 1989 zuwa 2009 an kewaye duwatsun da shingen lantarki mai tsawon kusan kilomita 400, wanda ya rage ɓarnar da giwaye ke yi wa gonaki, ya kuma iyakance shigar masu neman itace da kiwo zuwa ƙofofin da aka tanada. Shi kansa masaukin annobar korona ta durƙusar da shi, aka rufe shi a 2021, shekara guda kafin rasuwar Sarauniyar da ta ɗaukaka sunansa. An sake buɗe shi a 2024 a hannun 'yan ƙasa.

Kammalawa

Mun ga yadda ɗan ɗakin da aka yi don faranta wa uwargida rai ya zama uban wani reshe na kasuwancin masauki, ya koya wa duniya cewa kallon dabba ya fi kashe ta riba. Mun kuma ga cewa an ɗora shi a kan itacen da masu ƙasa ke girmamawa, a zamanin da aka raba su da ƙasar, kuma cikin shekara biyu da 'yan watanni ya tashi daga makwancin sarauniya ya koma toka. Daren 1952 da gobarar 1954 a kan itace ɗaya suka auku, saboda haka wanda ya ba da labarin ɗaya ya bar ɗaya bai cika amanar tarihi ba.

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ƙasashen da ke cin kuɗin irin waɗannan masaukai, da baƙin da ke jin daɗin kwana a cikinsu, akwai haƙƙin masu wuri a kansu. Duk inda aka gina ɗaki a kan itace, ko a kurmin Amazon ko a kudancin Indiya ko a nan Afirka, akwai mutanen da suka san itacen kafin a kafa masa tsani, kuma ya kamata mai hawa ya tambayi sunan da suke kiransa da shi, da abin da ya shiga aljihunsu daga kuɗin da ya biya. Ga ɗalibanmu masu sha'awar rubuta tarihi kuwa, labarin Treetops ya isa misali: littafin baƙi yana ɗauke ne da sunayen waɗanda suka hau, sunayen waɗanda suka riƙe tsanin sai an sauko ƙasa an nema.